Amsoshin Tambayoyinku: Tsofaffin Faya-fayan Amurka da Zamanin da Ya Haife Su

Yawancin wasiƙun da suka taru a kan teburina a wannan watan sun karkata ne ga abu guda, wato kaɗe-kaɗe da waƙe-waƙen Amurka na shekarun 1950 zuwa 1970, waɗanda iyayenmu da yayyenmu da dama suka yi samartaka da su. Na zaɓi biyar daga ciki, na kuma taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Ni tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne. Kwanan baya ina gyaran ɗaki na ci karo da akwatin faya-fayan da na saya tun ina saurayi, yawancinsu masu tambarin Motown, irin su Temptations da Supremes da Marvin Gaye. Jikana ya lalubo mini waƙoƙin a wayarsa, na saurara har idona ya kawo ƙwalla, shi kuwa sai dariya yake yi, ya ce wai ƙuruciyata nake yi wa kuka, waƙoƙin ba su fi na yau komai ba. Shin yaron nan gaskiya ya faɗa? Daga wani dattijo a Kaduna.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Jikanka ya faɗi wani yanki na gaskiya, amma yankin da ya bari shi ne ya fi buƙatar bayani, domin akwai hijira da wahala da tsananin horo a bayan waƙoƙin nan.

Tsakanin shekarun 1910 da 1970, baƙaƙen fata kusan miliyan 6 ne suka tattara komatsansu suka bar jihohin kudancin Amurka, inda kakanninsu suka yi bauta a gonakin auduga, inda kuma dokokin wariyar launin fata suka ci gaba da danne su duk da cewa an haramta bauta tun 1865. Sun nufi biranen arewa irin su Chicago da New York da Detroit, kuma abin da ya ja su Detroit shi ne masana'antun ƙera motoci, musamman daga 1914 da Henry Ford ya fara biyan lebura dala 5 a yini. Ba su zo da dukiya ba, amma sun zo da salon waƙar majami'unsu, wanda jagora ke bayarwa jama'a na karɓa, ana tafi ana buga ƙafa, salon da duk wanda ya taɓa zama gaban makaɗin Hausa da 'yan amshinsa ba zai ji shi baƙo ba. 'Ya'yan waɗannan 'yan ci-rani su ne kake ji a faya-fayanka.

Berry Gordy, wanda ya kafa Motown, ɗaya ne daga cikinsu, don mahaifinsa daga jihar Georgia ya taso. Ya gwada dambe, ya yi soja, ya buɗe shagon sayar da faya-fayan jaz ya karye, sannan ya shiga aikin harhaɗa motoci a kamfanin Ford, inda ya riƙa kallon yadda ƙarfe ke shiga ta wannan ƙofa tsirara ya fita ta waccan yana mota mai sheƙi. A watan Janairun 1959 ya ranci dala 800 daga asusun da danginsa ke tarawa a tsakaninsu, kamar dai adashin gida, ya kafa kamfanin faifai, ya sayi wani gida mai lamba 2648 a titin West Grand Boulevard, shi da iyalinsa a sama, garejin baya kuma ya zama ɗakin ɗaukar sauti. Sunan Motown ma daga laƙabin Detroit aka gutsuro shi, wato garin motoci.

Abin da ya gani a masana'anta shi ya kwaikwaya. Akwai marubuta waƙa da ke wuni a ƙananan ɗakuna kamar ma'aikatan ofis, mafi shahara su ne Brian Holland da ɗan'uwansa Eddie da Lamont Dozier, waɗanda suka rubuta 10 daga cikin waƙoƙi 12 na 'yan matan Supremes da suka kai matsayi na ɗaya a Amurka. Akwai wata mata mai suna Maxine Powell da ke koya wa yaran da suka fito daga unguwannin talakawa yadda ake tafiya da zama da gaisuwa, akwai kuma Cholly Atkins mai koyar da taku, shi ya sa za ka ga maza biyar na Temptations sun juya a tare kamar da zare ɗaya aka ja su. Kowace Juma'a da safe ana zaman tantancewa, a saka waƙar da aka ɗauka a makon, a tambayi mahalarta ko mai jin yunwa da dala ɗaya tak a aljihunsa zai sayi faifan nan ko kuwa abinci zai saya. Waƙar da ba ta tsallake ba sai a mayar da ita ɗakin aiki ko a jefa ta a kabad. Har ila yau ana gwada sautin a ƙaramar lasifika irin ta rediyon mota, domin sun san a nan ne yawancin mutane za su ji shi, kuma a ganina wannan ne ya sa waƙoƙin suke da daɗi har a ƙaramar rediyon mai shayi wadda batirinta ya kusa mutuwa.

Gidan yana nan har yau, an mayar da shi gidan tarihi, kuma duk wanda ya ga hotunan ɗakin zai yi mamakin ƙanƙantarsa. Wayoyin makirufo suna reto daga rufi, har makaɗan suka laƙaba masa suna ramin macizai, ga fiyano a kusurwa, ga daɓen ɗakin injiniyoyi da ya zaizaye a daidai inda suke buga ƙafa suna bin kiɗa. A cikin wannan ɗan ɗaki makaɗa ke cushewa su buga a lokaci guda suna kallon idon juna, idan ɗaya ya kuskure sai kowa ya koma farko. Idan ana son wani amo da babu kayan kiɗan da zai bayar, sai a buga sarƙar tayar mota a ƙasa ko a taka katako da takalmi. Mai jitar bas ɗinsu, James Jamerson, da yatsa ɗaya yake kaɗa duk abin nan da kake ji yana gudana a ƙarƙashin waƙar. A irin wannan aiki kunne yana jin numfashin mutane, yana jin ɗan saurin da mai ganga ya ƙara idan waƙa ta yi zafi, da ɗan dishewar muryar da ba a goge ba, alhali yawancin kiɗan yau mutum ɗaya ne ke harhaɗa shi da kwamfuta, ita kuwa kwamfuta ba ta gajiya, ba ta kuma ɗoki. A nan kam, Baba, kunnenka bai yaudare ka ba.

Sai dai kada daɗin kiɗan ya sa mu ɗauka zamanin ma daɗi gare shi. Waɗannan makaɗa, da ake kira Funk Brothers, sun shekara fiye da goma suna buga waƙoƙin da suka zagaya duniya ba tare da an rubuta sunansu a bangon faifai ba, sai a 1971. Lokacin da mawaƙan Motown suka fara rangadi a kudu cikin bas a 1962, akwai garuruwan da aka ja igiya a tsakiyar zauren rawa, fararen fata a gefe, baƙaƙe a gefe, kuma mawaƙin da aka gama yi wa tafi ba shi da ikon kwana a babban otal ɗin garin. A watan Yulin 1967 Detroit kanta ta kama da wuta, aka yi kwana biyar ana tarzoma, mutum 43 suka mutu. Marvin Gaye, wanda ƙanensa ya dawo daga yaƙin Vietnam da labarai masu ɗaga hankali, ya ƙi ci gaba da waƙar soyayya zalla, ya yi faifan What's Going On a 1971 a kan yaƙi da talauci da zaluncin 'yan sanda, kuma sai da ya kai ruwa rana da Gordy kafin a yarda a fitar da shi. Shekara guda bayan haka kamfanin ya kwashe ya koma Los Angeles, ya bar makaɗa da yawa babu aiki, garin kuma, wanda ke da mutum fiye da miliyan 1.8 a 1950, ya yi ta zubewa har mazaunansa suka gaza 700,000.

Inda jikanka ya yi gaskiya shi ne, lokaci kamar rariya yake. A kowace shekara ta wancan zamani an fitar da dubban faya-fayai, akasarinsu tarkace ne da babu mai tunawa da su, tsaba kaɗai ta iso gare mu, mu kuma sai mu ɗauki tsabar jiya mu gwada ta da ƙaiƙayin yau. Sannan waƙar da mutum ya ji yana ɗan shekara 18, a lokacin da ya karɓi albashin farko ko yake zuwa zance, idan ta dawo tare da duk wannan take dawowa. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, amma ni ban ga laifin ƙwallar da ka zubar ba. Shawarata ita ce ka zaunar da yaron, ka ce ya manta da muryar mawaƙin ya bi bas ɗin Jamerson kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, sannan ka gani ko zai sake dariya.

Tambaya: Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ba ya jin Turanci sosai, amma kaset ɗin Jim Reeves da na Don Williams ba sa fita daga motarsa. Wani abokin aikina ya ce mini wannan kiɗan fararen fata ne na kudancin Amurka masu ƙin baƙar fata, bai kamata ɗan Afirka ya so shi ba. Mene ne gaskiyar maganar? Daga wata malamar makaranta a Zariya.

Amsa: Malama, Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Abokin aikinki bangon faifan ya kalla ya yanke hukunci.

Kiɗan da ake kira kantiri, wato kiɗan karkara, ya taso ne a ƙauyukan kudu da tsaunukan Appalachia, inda talakawa 'yan asalin Ingila da Scotland da Ireland suka zauna kusa da bayin da aka kwaso daga Afirka. Turawan sun zo da gogensu da dogayen waƙoƙinsu na labari, 'yan Afirka kuma suka zo da banjo. Asalin banjo ƙwarya ce da aka rufe da fata aka sa mata sanda da tsirkiya, wato ɗan'uwan gurmi da molo da garaya ne, kuma masana da dama suna danganta shi da akonting na mutanen Jola a Senegal da Gambiya. Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku, kuma shi kansa mai bayi ne, ya rubuta tun a shekarun 1780 cewa daga Afirka bayi suka zo da shi. A ƙarni na 19 ne 'yan wasan barkwanci fararen fata, masu shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙar fata don izgili, suka ɗauke shi, har aka wayi gari an manta da inda ya fito.

Katangar da ake gani yau 'yan kasuwa ne suka gina yawancinta. A shekarun 1920 kamfanonin faifai suka shiga kudu da injinansu suna ɗaukar mawaƙan karkara, sai suka kasa hajarsu gida biyu, wannan na baƙaƙe, wancan na fararen ƙauye, kowanne da kundin tallarsa, ko da kuwa mawaƙan biyu waƙa ɗaya suke yi a bakin kogi ɗaya. Su makaɗan kuwa ba su daina cuɗanya ba. Jimmie Rodgers, ma'aikacin jirgin ƙasa da ake kira uban kantiri, wanda aka fara ɗaukar muryarsa a garin Bristol a 1927, ya yi faifai tare da Louis Armstrong, baƙar fata mai busa ƙahon jaz, a 1930. Hank Williams, wanda ya rasu yana ɗan shekara 29 a ranar 1 ga Janairun 1953, wani baƙar fata mai kiɗa a bakin titi a Alabama, Rufus Payne, shi ya koya masa jita. A shirin rediyon Grand Ole Opry na Nashville, wanda aka fara a 1925 kuma yana nan har yanzu, ɗaya daga cikin taurarin farko baƙar fata ne, DeFord Bailey. Wariya kam akwai ta, ba na musu, domin lokacin da kamfanin RCA ya fitar da waƙoƙin farko na Charley Pride a tsakiyar shekarun 1960 bai haɗa da hotonsa ba, don kada gidajen rediyo su gane launinsa su ƙi sakawa.

Su Jim Reeves kuwa wani reshe ne na baya. A ƙarshen shekarun 1950, da kiɗan rok ya kwashe wa kantiri matasa, sai masu shirya faifai a Nashville irin su Chet Atkins suka rage goge da banjo, suka sa fiyano da muryoyin amshi masu taushi, suka matso da mawaƙi kusa da makirufo yana rerawa kamar mai raɗa. Reeves, ɗan jihar Texas, shi ne gwanin wannan salo. Ya rasu a hatsarin ƙaramin jirgin sama da yake tuƙawa da kansa a kusa da Nashville a ranar 31 ga Yulin 1964, amma faya-fayansa suka ci gaba da ciniki a Afirka da Indiya da Sri Lanka shekaru da dama bayansa. Don Williams, wanda ya rasu a 2017, ya san yana da masoya a nahiyar nan, don ya yi wasa a Harare a 1997.

Abin da ya sa irin su Baba suka so su, a fahimtata, ba shi da wuyar ganewa. Kiɗan ba ya gaggawa, muryar ba ta ihu, kalmomin suna fita ɗaya bayan ɗaya har mai ƙaramin Turanci ya kama zaren, abin da ake faɗa kuma bai wuce kewar gida da uwa, da alkawarin da aka karya, da tsoron Allah, da ɗan ƙauyen da birni ya haɗiye ba. Ina tuna wani direba da muka taɓa tafiyar dare tare, ina zaune a gaba, kaset ɗaya ya yi ta juyawa daga Kano har Jos. Da na tambaye shi ko yana jin abin da mutumin ke cewa, sai ya ce a'a, amma ya san mutumin nan ya yi nisa da gida.

Tambaya: A makaranta mun yi gardama a kan Elvis Presley. Wasu sun ce shi ne sarkin kiɗan rok, wasu sun ce ɓarawo ne da ya sace kiɗan baƙar fata. Wanne ne daidai? Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

Amsa: Ɗana, kalmar sata ta yi wa Elvis nauyi, amma ba ta yi wa kasuwar da ta ɗaga shi nauyi ba. An haife shi a 1935 a Tupelo ta jihar Mississippi, cikin talauci, a gida mai ɗaki biyu, ya girma a Memphis yana jin waƙoƙin coci da buluz na baƙaƙen fata a unguwa da kuma a rediyo, saboda haka a cikin kiɗan ya tashi. A watan Yulin 1954 Sam Phillips, mai kamfanin Sun, wanda ya riga ya ɗauki muryoyin B.B. King da Howlin' Wolf, ya ji yaron nan direban motar kaya yana wasa da wata tsohuwar waƙar Arthur Crudup, ya ce a ɗauka. Kafin ƙarshen 1955 RCA ya sayi kwantiraginsa a kan dala 35,000, a watan Satumban 1956 kuma mutum kusan miliyan 60 suka kalle shi a talabijin a dare ɗaya.

To, amma kiɗan ya riga shi. Sister Rosetta Tharpe tana kaɗa jitar lantarki da wannan zafin tun shekarun 1940, Fats Domino ya fara faifai a 1949, Chuck Berry da Little Richard kuma suka yi fice a 1955 da waƙoƙinsu na kansu. Shi kansa Elvis bai ɓoye ba, don a wata hira da mujallar Jet a 1957 ya amsa cewa kiɗan ya girme shi, kuma ba zai iya rera shi kamar Fats Domino ba. Matsalar ita ce ƙofofin da aka buɗe masa a rufe suke ga waɗanda ya koya daga wurinsu. Gidajen rediyo da yawa ba sa saka muryar baƙar fata, sai a jira wani irin Pat Boone ya sake rera waƙar Little Richard a sanyaye, a sayar da tasa. Crudup ya mutu a 1974 bai karɓi haƙƙinsa da ya yi ta bi ba. Big Mama Thornton, wadda ta fara rera Hound Dog a 1952, shekara huɗu kafin Elvis, ta ce dala 500 kawai ta samu a kanta, ko da yake, don a yi adalci, waɗanda suka rubuta waƙar wasu samari ne biyu fararen fata, Jerry Leiber da Mike Stoller. Nat King Cole, mawaƙi baƙar fata wanda fararen fata ke rububin sayen faya-fayansa, wasu sun hau dandamali sun kai masa duka a Birmingham ta jihar Alabama a 1956, shirinsa na talabijin kuma ya mutu a 1957 saboda babu babban kamfanin da ya yarda ya ɗauki nauyinsa. Kura da shan bugu ke nan, gardi da kwashe kuɗi.

Ka faɗa wa abokan gardamarka cewa Elvis gwani ne na gaske, amma sarautar da aka naɗa masa ba a yi takara a kanta ba, domin an hana sauran 'ya'yan gidan shiga fada.

Tambaya: Shin cikin manyan mawaƙan Amurka na da akwai wanda ya taɓa zuwa ƙasashenmu, ko a faifai kawai iyayenmu suka san su? Daga wata mai karatu a Kumasi.

Amsa: Sun zo, 'yar'uwa, wani ma har arewacin Najeriya. Louis Armstrong, mai busa ƙahon jaz ɗan New Orleans, ya sauka a Accra a 1956, tun kafin Ghana ta sami 'yanci, ya dawo nahiyar a 1960 a wani dogon rangadi da gwamnatin Amurka ta sa hannu a ciki, kuma akwai hotonsa a Kaduna tare da Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello. Da siyasa a cikin tafiyar, domin lokacin yaƙin cacar baka ne, Tarayyar Sobiyet tana yi wa Amurka gori a kan yadda take wulaƙanta baƙar fata, sai Washington ta riƙa tura makaɗan jaz ƙasashen da ke samun 'yanci domin su wanke ta. Armstrong bai zama ɗan amshin shata ba, don a 1957, da aka hana yara baƙaƙe tara shiga makarantar sakandare a Little Rock, ya fito fili ya caccaki Shugaba Eisenhower, ya kuma fasa tafiyar da aka shirya masa zuwa Sobiyet.

James Brown ya zo Legas a 1970, shekarar da aka gama yaƙin basasa, a lokacin da samarin birane suka riga suka haddace rawarsa, makaɗansa kuma suka je kulob ɗin Fela suka ga abin da ya ɗaure musu kai. A ƙasarku kuwa, ranar 6 ga Maris ɗin 1971 an yi babban wasa a dandalin Black Star da ke Accra don bikin cika shekara 14 da 'yanci, inda Wilson Pickett da Ike da Tina Turner da Roberta Flack da Santana suka raba dare suna kiɗa. Sai kuma bikin FESTAC na 1977, wanda aka yi a Legas aka kuma yi hawan dabarsa a Kaduna, Stevie Wonder yana cikin waɗanda suka halarta.

Tambaya: Na gaji faya-fayai a wurin kawuna, wasu an rubuta 33, wasu 45, wasu 78. Me lambobin ke nufi, kuma yaya zan adana su? Daga wani tela a Gusau.

Amsa: Malam, lambobin suna nuna yawan zagayen da faifan ke yi a minti ɗaya. Mai 78 shi ne tsohon yayi, mai nauyi, da ake yi da wani irin ƙaro, yana fashewa kamar tangaran idan ya faɗi, kuma kowane gefe bai cika ɗaukar fiye da minti uku da 'yan kai ba, abin da ya saba wa mawaƙa da gajarta waƙa har ta zama al'ada. A 1948 kamfanin Columbia ya fito da babban faifan roba mai zagaye 33 da sulusi, wanda ke ɗaukar minti 20 ko fiye a gefe guda, a 1949 kuma RCA ya mayar da martani da ƙarami mai 45, mai faffaɗan rami a tsakiya, waƙa ɗaya a kowane gefe. Wannan ƙaramin, saboda arharsa, shi ne faifan samari, kuma da shi rok da Motown suka shiga gidaje.

Wajen adana su, babban abokin gabarka zafi ne, sai ƙura. Kada ka jibge su kwance ɗaya kan ɗaya, ka jera su a tsaye kamar littattafai, kowanne cikin rigarsa, a ɗakin da rana ba ta shiga kuma nesa da kwanon rufi, domin faifan roba da aka manta a cikin mota a watan Afrilu kafin la'asar ya kanannaɗe kamar busasshen ganye. Ka riƙa kama shi ta baki, kada yatsa ya taɓa layukan. Idan ƙurar hunturu ta hau, ka goge da tsumma mai laushi da ɗan ruwa mai tsabta kana bin zagayen layukan, ka bar shi ya bushe kafin ka mayar. Kada ka kusanto da sifirit ga mai 78, domin yana narkar da shi, kuma kada ka ɗora wa mai 33 ko 45 allurar ƙarfe ta tsohon garmaho da ake murɗawa da hannu, domin sau ɗaya ya isa ta ƙwaƙule waƙar. Kafin ka sayar wa kowa, ka duba tambari da lambar da ke jikin kowanne a intanet, domin kasuwar faifai ta farfaɗo a Amurka har kuɗin da aka samu a kansa ya zarce na CD a 2020, ko da yake faifan da aka buga miliyoyinsa kuma ya sha karce ba wani kuɗin kirki zai kawo maka ba.